Gaba nawa, baya na Muntari

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina zaune da kofin shayi, ban ko kai baki ba, waya ta yi ƙara. Daga ƙauyen Gaffati ne. Wai Muntari ya cika bayan sallar asuba.

Muntari fa. Abokina tun ana ƙirga motocin Damagaram da yatsun hannu.

Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, duk da na haura tamanin. Amma hawayen ba su bushe ba sai ga ni ina dariya ni kaɗai, har Hajiya ta leƙo ta ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce mata Muntari na tuna. Ta ce, "Ai shi kam ko a makara sai ya sa mutum dariya."

Da hannuna nake rubuta wannan, ba wanda ya danna mini. In kun ga kuskure, yatsun tsohon direba ne.

Ku da kuke bi na a nan kun san ni da kamyo, manyan motocin ɗaukar kaya. Daga aprenti na fara, wato yaron mota, ina kwana ƙarƙashin mota. Kwalej ma aji biyu na yi na ajiye. Abin da na samu Allah ne ya ba ni ta hanyar gumina, ban gada wurin kowa ba. Irina yakan tara masu gaisuwa da yawa, abokai kuwa kaɗan. Muntari ne na farkonsu.

Duk kaka, damin geron farko na gonarsa gidana yake zuwa. Shekarar da nake ganiyata ya kawo. Shekarar da motata ta kife a hanyar Dogo, na koma ba ni da ko taya, ya kawo. Dami iri ɗaya, magana iri ɗaya: "A dama wa Patoro fura, kar ya rame."

Patoro yake kirana, wato maigida, tun ina da wando ɗaya. Ni kuma in ce masa Manomi.

Da aka yi mini aikin ido, shi ya zauna bakin gadona yana ba ni labarin duk wanda ya shigo dubiya, da irin hular da ya sa, da wanda ya zo hannu rabbana. An hana ni dariya saboda ɗinki. Ƙarshe sai da malaman asibiti suka fitar da shi waje.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar salla ne. Na iske shi gindin dogon yaron ƙofar gidansa, ƙafa ta yi nauyi amma baki na nan ras. Muka sha fura, muka yi gulmar tsofaffi. Da zan shiga mota ya riƙe hannuna ya ce, "Patoro, ka gaida mini rabina. Kuma ka riƙa juya ta ko sau ɗaya a wata. Kullum naka rabin ke kallon baƙi, nawa na kallon bango."

Direbana ya zaci ruɗin tsufa ne. A'a. Gitar da ke rataye a falona yake nufi. Bari in ba ku labarinta, don jikokinsa ma da yawa ba su san kakansu ya taɓa girgiza Damagaram ba.

Ana saura 'yan watanni Nijar ta samu 'yancin kai, na kai lodin gyaɗa Kano. A Sabon Gari na ga wata gita hannun wani makaɗi ɗan kudu, mai igiya huɗu masu kauri, wai ita bas. Ja wur, tana sheƙi har kana ganin haƙoranka a jikinta. Keke nake tara kuɗin saya. Na fasa keken.

Na naɗe ta cikin bargona, ni na kwana da sanyi. A kan iyaka ɗan duwan mai binciken kaya ya tambaye ni ko bindiga ce.

Na iso gida na shiga kaɗawa. Ba a daɗe ba maƙwabta suka aiko a ji ko saniyar wa ce ba ta da lafiya. Nan na gane sitiyari ne rabona.

Muntari a lokacin dakon buhunan gyaɗa yake a inda muke lodi, amma tun a ƙauye gwanin gurmi ne. Ya ɗauke ta da hantsi, kafin la'asar ta fara magana.

Akwai wata 'yar orkestir, ƙungiyar makaɗa ta samarin gari. Shugabanta wani tsohon soja ne, Sarjan Abdu, mai busa taranfet, kakakin Turawa, mutumin da ko atishawa za ka yi sai ta faɗa daidai kan kiɗa. Ya ɗauki Muntari. Ni kuma na zama mai gita, mai jigilar kaya, mai haɗa waya da amfili, akwatin ƙara sauti. Aka ce mu za mu yi wasa ranar bikin 'yanci da yamma, a fili, gaban kowa.

Sai damina ta sauka.

Kun san zufar nan ta bayan ruwa, wadda riga ke manne wa mutum a baya. To fentin nan mai sheƙi na bayan wuyan gitar, da zarar ya sha gumi sai ya koma kamar ƙaro. Babban yatsan Muntari ya maƙale. In zai zame daga sama zuwa ƙasa sai ka ji "ƙiiit", ya iso a makare. Bas kuwa ita ce ƙafar kiɗa, in ta yi ɗingishi kowa ya yi.

Ba dabarar da ba mu gwada ba. Muka aro hodar yayata, ta haɗu da gumi ta zama kunu. Muka barbaɗa garin gero, kiyashi suka yi mana sallama. Wani ya ce a shafa man gyaɗa. Ranar gitar ta kusa kuɓucewa ƙasa, ni kuma raina ya kusa bin ta.

Ana gab da biki, Sarjan ya sauke taranfet a tsakiyar gwaji ya ce, "Muntari, kullum kana bayanmu kamar jakin da ya ga ciyawa. In jibi ban ji gyara ba, babbar ganga ta ishe ni."

Maganar ta fi haka nauyi. Mahaifin Muntari ya daɗe yana aiko masa ya bar shashancin birni ya dawo gona. Muntari ya roƙi arziki a bar shi zuwa biki, ya ɗauki alkawari in bai tsaya gaban jama'a ranar nan ba zai koma da ƙafarsa, ba zai ƙara taɓa igiya ba. Tsohon ya yarda, ya ce kuma da kansa zai zo ya gani.

Washegari da safe sai ga Muntari a ɗakina a unguwar Zango, riƙe da kwalbar lemo, ba komi cikinta.

"Patoro, ka taɓa ganin ƙotar fartanya da fenti?"

"Manomi, gitata ce fartanya?"

"Duk abin da hannu zai wuni a kai ƙota ne. Fenti na ido ne. Hannu itace yake so."

"Ka san abin da na bari na sayo sheƙin nan? Keke! Ina tafiya a ƙasa saboda ita, kai kuma ka zo mini da kwalba?"

Na kore shi. Ya fita ya zauna kan dakalin ƙofar gida, yana gaida duk mai wucewa, yana ce musu a yi magana a hankali, Patoro na ciki yana tunani. Haka har aka kira azahar.

Na fito zan tafi masallaci, ya bi ni a baya.

"Tambaya ɗaya. 'Yan kallo gaban gita suke gani ko bayanta?"

"Gaba mana."

"To gaba naka ne, ko ƙuda ba zan bari ya sauka ba. Baya kuwa ba mai ganinsa sai yatsana da cikina. Ka ba ni shi."

Ni mutum ne mai son kayansa su yi kyau, har gobe motata ba ta fita gareji da ƙura. Amma kuma kaina na ja. Gitar da ke kwance a ɗaki, wa zai san tawa ce?

Bayan salla na kafa masa sharaɗi. Na ɗaura tsumma a can sama wajen kan gitar, na ɗaura wani inda wuya ya haɗu da jiki, na ce nan ne iyakar gonarsa. Kuma ni zan fara. Ba wanda zai riga ni ji wa kayana rauni.

Ya fasa kwalbar a kan dutse, ya zaɓi ɓallin da bakinsa ya miƙe, ya ba ni. "Bi tsawon itacen, kar ka gitta. A hankali, kamar askin jariri ranar suna."

Hannun da ya saba murza handal yana tada kamyo, ina ya san askin jariri? Ja ɗaya na yi, kwalba ta ci fenti ta haɗa da itace, ta bar ɗan kwarmi kamar gurbin ƙwayar gyaɗa.



Muntari ya dubi wurin, ya dube ni. Ya rungumi gitar kamar zai kaɗa, sai babban yatsansa ya faɗa cikin kwarmin ɗas, daidai inda ya saba zama. Ya ce, "Kai, Patoro! Ka gina wa yatsana ɗaki."

Har gobe ina cewa da gangan na yi. Mai musa mini ɗaya ne, shi ma yau ya tafi.

Daga nan ya karɓi aikin. Jan fenti na zubowa kamar garin barkono, itacen na fitowa fari fat kamar ɓararren rogo. Ni dai na kau da kai. Shi kuwa waƙar noma yake rerawa, yana cewa fenti muka zo cirewa, ba itace ba, don haka ba gaggawa.

Da kwalba ta gama nata, ya kawo yashin korama da ya tankaɗe da tsumma, ya zuba kan guntun fata da ya roƙo wajen dukawan Birni, ya yi ta gugawa sama da ƙasa. Sai busasshen ganyen ɓaure mai kaushi. Can ya rufe ido ya goga wuyan gitar a leɓensa na ƙasa. Na ce, "Manomi, auren ta za ka yi?" Ya ce leɓe ba ya ƙarya, yatsa kuwa ya yi kanta.

Ƙarshe ya laƙato man kaɗe ɗan mitsitsi, ya murza har ya ɓace, don kar itacen ya sha raɓar damina ya kumbura.

Ranar gwaji Sarjan bai ce uffan ba. A wurinsa wannan lambar yabo ce.

Ranar biki aka yi ruwa da safe, rana ta buɗe, zufa ta taso irin wadda muke tsoro. Fili ya cika maƙil, sabuwar tuta na kaɗawa. Can gefe na hango mahaifin Muntari da malafa da sanda, fuska a ɗaure kamar an kira shi shari'a.

Aka tada grup, injin wuta, amfili ya yi gurnani. Sarjan ya busa, ganga ta amsa, sai bas ta shigo.

Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Wata mai waina a kusa da ni ta dafe ƙirji ta ce, "Ni 'yasu, wannan abin ba a kunne nake jin sa ba, a ciki nake jin sa!" Rigar Muntari ta jiƙe sharkaf, amma hannunsa na kai da komo kamar tarwaɗa a ruwa. Ko duban wuyan gitar bai yi ba, kwarmin nan ke gaya wa yatsansa inda gida yake. Kansa a sama, haƙora a waje. Kwamisai na 'yan sanda da 'yan dako da matan Zango aka cakuɗe, ƙasa jiƙaƙƙiya amma sai da aka tada ƙura.

Ni kuwa ina sahun gaba, duk wanda muka haɗa ido in ce masa, "Tawa ce."

Da aka tashi, tsohon ya ratso jama'a har inda muke. Bai gaida kowa ba, ya miƙa hannu. Muntari ya durƙusa ya ba shi gitar. Jan nan da nake taƙama da shi ko kallo bai ishe shi ba. Ya kifa ta, ya bi wuyan da tafin hannu, sama, ƙasa, ya sake.

"Wa ya gyara wannan ƙota?"

"Ni ne, Baba."

"Da kwalba?"

"Da kwalba, da yashi, da ɓaure."

Tsohon ya jinjina kai. "Ashe ba ka zubar da abin da na koya maka ba. Zauna ka yi kiɗanka. Amma ranar girbi in ga ƙeyarka a gona."

Zai miƙo ta ke nan, yatsansa ya faɗa kwarmin. Ya tsaya.

"Wannan ramin fa, wane gwani ne?"

Muntari ko ƙifta ido bai yi ba. Ya ce, "Aikin Turawa ne, Baba. Haka ta zo."

Tsohon ya yi tsaki ya ce, "Shi ya sa za su tafi."

Muntari ya yi shekaru yana kiɗa a garin nan, kuma girbi bai taɓa wuce shi ba. Da mahaifinsa ya gaza, ba wanda ya kira shi, da kansa ya koma ya riƙe gona.

Mun kai shi makwancinsa da hantsi. Gaffati ta cika har mutane na tsayawa cikin gonaki.

Ya Allah, ga bawanka Muntari ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi. Yadda ya faranta ran bayinka, ya rufa asirin abokinsa, kai ma ka faranta masa, ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Ka ba iyalansa haƙuri, mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta har nan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu. Kar ku tsaya kan danna alamar hawaye, Manomi bai iya waya ba. Addu'a ce ke isa gare shi.