Mai Auna Zurfi a Rijiyar Lambu

Matso kusa ka zauna, ka ji wanda na gani yau bayan tashar Matameye. Wani dogo ne, hannuwansa duk kanta, yana tsugune bakin rijiyar lambu da batir ɗin mota da wata 'yar na'ura mai gilashi. Ya zura kan wayarta cikin ruwa, lamba tana tsalle a gilashin: mitir biyu, tara, sai ta ɓace.

Mai lambun ya leƙo. "Malam, kifi kake nema a rijiyata?"

"Zurfi nake aunawa, Baba. Jirgin ruwan shan iska nake tuƙa wa wani Alhaji a Ikko. Sau biyu abin nan ya yi mini ƙarya, na kafe a yashi. Alhajin ya ce in na ƙara, in koma noman gero."

Dogon ya ɗaura dutse a igiyar guga, ya auna ruwan: gaba biyu. Ya kankare tsatsar gishiri daga bakin wayar da reza, ya hura, ya mayar. Lamba ta tsaya, ta sake rawa. Motar Kano da zai shiga tana ta oda a tasha, bai ko waiwaya ba, ya kama waya ta gaba.

Kana ganin zai tashi kafin gilashin ya yarda da igiyar?