Albasar Gungun Badaru

Duk Bahaushen da ya zauna a Greensboro ta Amurka a shekarun tamanin ya san Anti Hafsatu mai albasa. Ka ce mata, "Anti, 'yar ina ce ke?" sai ta ce, "Gungun Badaru," kamar wadda ta ce Kano ko Zariya. Gungun nan tsibiri ne a tsakiyar kogin Kwara, can ƙasar Yawuri, kuma kakan kakanta Badaru ne ya fara kafa bukka a kansa. Matsalar ɗaya ce: tun 1968 da aka datse kogin a Kainji ruwa ya shanye shi, ko kan tsamiyarsa ba a gani. Wani ɗalibi ɗan Kano mai tsokana, Lauwali, ya taɓa ce mata, "Anti, ai garin naku yanzu kifaye ne ke haya a ciki." Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Haya ka ce. Masu gida muna nan."

In tana zancen gungun ba ta cewa "a da can akwai", sai dai "akwai". In ka sauka daga kwalekwale, in ji ta, ka bar tsamiya a hannun dama, gidansu ne na uku. Shekararta goma sha biyu ranar da aka tashe su. Ta rungume ƙofar ɗaki ta ce ba inda za ta, sai da kawunta ya ɓamɓare ta ya saɓa a kafaɗa kamar buhu ya dire ta a jirgin ruwa. Wannan ɗauka har yau tana ci mata rai.

Uwarta Rakiya ta fito da irin albasar gungun a ƙoƙo, ja ce, ƙarama, mai sa hawaye tun daga ƙofar gida. Ta ja masa fangali a sabon wurin da aka tsugunar da su. Da Hafsatu za ta bi mijinta Ɗalha Amurka a 1978, inda ya samu gurbin karatun aikin gona, Rakiya ta ƙulle mata irin a tsumma. Kafin shekara ta zagayo tsohuwar ta rasu, ba wanda ya ci gaba da ban ruwa, fangalinta ya bushe. Abin da ya rage wa gidansu duka shi ne na cikin tsumman nan.

Sun kama haya a gabashin gari, kusa da jami'a. Watan Nuwamba na kamawa Hafsatu ta ɗauki fartanya, domin a gungu lokacin ne ake yafa iri. Ɗalha ya ce, "Hafsatu, nan fa ba gida ba ne, sanyi zai kashe shi."

"Malam, kai a littafi ka ga albasa. Ni a cikinta na yi rarrafe."

To, littafi ya yi gaskiya. Wata safiya ta fito ta tarar raɓa ta daskare, tsiron ya kwanta kamar an zuba masa ruwan zafi. Rabin irin ya tafi. Ta yi kuka, kukan uwarta ne ma ta ƙarasa a wurin. Ɗalha, Allah ya saka masa, bai ce "na gaya miki" ba.

Sauran ta raine shi a kwanoni bakin tagar kicin, ta dasa da bazara, ta samu kawuna goma sha tara. Ko ɗaya bai shiga tukunya ba. Albasa ba ta ba da iri sai an sake binne kanta ta yi fure, don haka ta binne su duka, ta lulluɓe da busasshen ganye da tsohon bargo har sanyi ya wuce. A ina? A farfajiyar gaban gida, domin bayan gidan inuwar bishiya ce. Ta farfashe ciyawar nan da Amurkawa ke lallaɓawa kamar jariri, ta ja fangali irin na gungu, tana watsa ruwa da ƙwarya alhali ga tiyo a rataye.

Da watan Yunin 1980 ya kama, karan albasar ya kai ƙugu, kowane da farin tuntu a ka. Saura kwana goma ƙwayar ta yi baƙi. Sai ga notis daga mai gidan hayar, wani dattijon Bature mai kiwon dawaki a Summerfield: gidansa ba gona ba ne, ranar Asabar zai zo da inji ya aske wurin.

Ɗalha ya shiga uku. Saura masa shekara guda ya gama, ga gida kusa da makaranta, ga 'yarsu Rumasa'u tana goye. Ya ce, "Ki yi wa Allah ki cire su yanzu, mu shanya a ɗaki."

"Ɗanye? Ka fi ni sanin ba zai tsira ba."

"In ya kore mu fa?"

"An taɓa kora ta, Malam, ban mutu ba."

Ranar Asabar da hantsi dattijon ya iso da akori-kura, ya sauke injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa. Ya tarar Hafsatu ta shimfiɗa tabarma a bakin fangalin, ta miƙe ƙafa, Rumasa'u a cinya, tana tsefe mata kai. Maƙwabta baƙaƙen fata suka fito baranda, wata har da kofin shayinta. Dattijon ya tayar da inji ya aske gefe, ya zagayo, ya nufo tabarmar a hankali. Gaskiya ta ji tsoro, ƙarar tana shiga mata har haƙori. Amma ta tuna kafaɗar kawunta, sai haushi ya danne tsoron. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Inji ya tsaya taku biyu daga ƙafarta. Dattijon ya kashe shi, fuskarsa ta yi ja, ya ce wa Ɗalha ya ɗauke matarsa. Wayyo Ɗalha! Ya dubi Baturen, ya dubi matar. Ya san labarin jirgin ruwan nan sarai. Sai ya cire takalmi ya zauna a gefen tabarmar.

Hafsatu ta ce, "Fassara masa. Ka ce kwana shida nake so. Ka ce wannan ne ya rage daga garinmu, kuma wanda zai taɓa shi sai ya fara bi ta kaina."

Kada a zaci zuciyar dattijon ta narke, ina! Ya dai ga maƙwabta sun zuba masa ido, ya ga ba ya iya bi ta kan mace da goyo. Ya ce ya ba su mako guda, amma ƙarshen wata su nemi wani gidan. Ya loda injinsa ya ja mota da fushi.

Ranar Juma'a ta yanke tuntayen, ta shanya, ta murje a faifai, ta sheƙe. Baƙar ƙwaya ta cika kwalba har wuya. Gidan da suka samu yana da nisa, Ɗalha ya shekara yana shiga bas biyu kafin ya kai aji, ya yi mita iyakar mita, ita kuwa ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba. Daga baya ya samu aiki suka zauna a garin. Gida huɗu suka sake a shekarun nan, kowanne sai da ta ja masa fangali, har Lauwali mai bakin nan ya riƙa zuwa roƙon lawashi.

Amma ranar barin gidan farko ita ce take yawan ba da labari. An gama loda kaya, Ɗalha ya miƙo hannu zai karɓi kwalbar ya sa a but ɗin mota. Ta hana. Ta goya Rumasa'u, ta kulle ƙofa da hannunta, ta rungume kwalbar a ƙirji, ta taka har bakin mota.

Ta ce, "Ka gani, Malam? Wannan karon da ƙafata na fita."