Mutum Uku na Teburin Tonya

Tonya Brekke tela ce, amma ba ta ɗinka sabo. Aikinta gyara: zif ɗin rigar sanyi da ya ƙi ja, gwiwar wandon manomi da ta fashe, labulen da rana ta cinye. Tana zaune a ƙarshen wani ɗan gari a yammacin jihar Minnesota ta Amurka, a gidan da mahaifinta ya bar mata, ita da 'yarta Linnea mai shekara goma sha biyu. Mijin ya gudu tun yarinyar tana rarrafe, kuma ba zan ɓata tawada a kansa ba. Masu kawo gyara sukan rataye kayansu a ƙofa da 'yar takarda, su dawo su ɗauka. Sau da yawa Tonya takan wuni ba ta ji muryar babba ba sai ta rediyo.

A gida take koyar da Linnea. Talata da Alhamis kuwa takan tuƙa mota minti arba'in zuwa wani gari, ta kai ta ajin Malama Dekker a ɗakin ƙasa na wani coci. A can ake karanta tarihin Girkawa da Romawa, a taɓa harshen Latin, a koyi rubutu. A can kuma Linnea ta yi ƙawaye biyu, su ke nan gare ta a duniya. Ranar aji tun kafin a tashe ta take shiryawa.

Ajin yana da yarjejeniya da iyaye suka sa wa hannu. A ciki an ce duk Litinin yaro zai tsaya a teburin cin abinci ya karanta rubutunsa na mako a gaban mutum uku na gidansu. Kowannensu ya rubuta tambaya ɗaya a takarda, ya sa hannu. An kuma ce duk gidan da ya yi ƙarya a takardar aji, ɗansa ya bar ajin. Malama Dekker ba muguwa ba ce. 'Ya'yanta bakwai, ga surukarta a gidan, ko a mafarki ba ta taɓa zaton akwai gidan da haɗa mutum uku zai gagara ba.

Da Tonya ta buɗe baki tun ranar farko, da an wuce wurin. Amma ta dubi sauran uwayen, kowa da motar da ta cika da yara, sai kunya ta rufe mata baki. Litinin ta farko Linnea ta tsaya ta karanta, Tonya ta tafa ita kaɗai, ta cika layi ɗaya. Ta daɗe tana kallon sauran biyun. Daga nan ta ɗauko shuɗin biro ta rubuta sunan mahaifinta, Arvid, wanda ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Da hannun hagu kuma ta rubuta na wanta Curtis, wanda ya tafi kamun kifi Alaska, ya daina ɗaga waya.

"Mama, wannan fa ƙarya ce," in ji Linnea.

"Kina son ajin ko ba kya so?"

Yarinyar ta ninke takardar ta sa a jaka.

Abin da ba wanda zai yarda da shi shi ne Tonya ta zo tana jiran Litinin. Ta san yadda mahaifinta zai tambaya, gajere kuma da zafi. Ta san shirmen da Curtis zai kawo. Takan gasa dankali da nama, su ci, Linnea ta share baki ta miƙe. In ta gama, Tonya ta yi tambayarta, sannan ta ƙanƙance ido ta kumbura murya: "To 'yar boko, wannan jarumin naki da ya tafi yaƙi shekara goma, wa ya bar wa shanunsa?" Linnea ta yi ta dariya har da riƙe ciki. "Kai, Kaka! Kai kullum shanu!" Na rabin awa gidan yakan cika, sannan a kwashe kwanoni biyu a wanke.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Malama Dekker ta fara rubutu a gefen takardar da jan biro: tambayar kakan nan ta fi ta kowa. Wata Alhamis ta tare Tonya a bakin matakala.

"Maman Linnea, tsohon nan naku ya isa! Wallahi har a aji nake karanta tambayoyinsa. Dole in gan shi ranar taro."

Tonya ta yi yaƙe ta ce yana fama da ƙafa. Ta tuƙa motar har gida.

Taron ƙarshen zango ya faɗo wata Asabar da safe, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. An jera kujeru, an manna wa kowace kujera takarda da sunan mai sauraro. Tonya ta sami tata a layi na biyu, Arvid Brekke a dama, Curtis Brekke a hagu. Ta zauna a tsakiya da jakarta a cinya. Sauran layukan sun cika har ana ɗora yara a ƙafa. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na wannan safiyar ba, ko ranar jana'izar mahaifinta.

Malama Dekker ta zo da kofi biyu a hannu. "Ina baban namu? Ƙafar ce?"

Linnea tana gaba cikin sahun yara, ta zuba wa uwarta ido. Tonya ta riga ta tanadi ƙarya tun a mota, amma ta ga ba za ta iya furta ta a gaban idon nan ba.

"Yana maƙabartar garinmu, Malama. Shekara huɗu ke nan. Wana kuma ban san inda yake ba. Ni ce nake rubutawa. Mu biyu ne kawai a gidan."

Malamar ta yi tsaye da kofunan. Aka fara taro. Linnea ta karanta nata, Tonya ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Bayan an watse Malama Dekker ta ja ta kicin ɗin cocin ta rufe ƙofa. "Haba baiwar Allah! Wata huɗu kina wannan wahala, bakinki ciwo yake? Kin san abin da yarjejeniya ta ce."

"Na sani. Ni ku hukunta ni. Ita dai kar ku raba ta da ajin nan, ba ta da kowa."

Malamar ta goge gilashinta ta mayar. "Ba inda za ta. Daga yanzu duk Litinin ki kawo ta gidana ƙarfe biyar, ta ci da mu, ta karanta a teburinmu. Masu sauraro har sun yi mana yawa."

Tonya ta yi godiya har da hawaye, kuma da gaske take. Malamar ba ta ce ita ma ta shigo ba, ba don rowa ba, tunanin ne bai zo mata ba. Tonya kuwa ba mai roƙo ba ce.

Litinin ta farko bayan hutu ta sauke Linnea a ƙofar gidan, ta ga an ja ta ciki da ihu. Ta yi fakin a bakin wani kanti ta ci burodinta a mota. Ƙarfe shida da rabi yarinyar ta fito kumatu jajir, tana ba da labari ba numfashi: mutum tara ne suka saurara, an tafa mata sau biyu.

Da suka hau babban titi Tonya ta rage rediyo. "To, ni ma karanta mini."

"Kai Mama, na gaji. Ai an riga an sa hannu."