Ranar da aka are ni tare da kujeru

Shekarun baya, a farkon ritayata, na gano wani abu da babu wanda ya gaya mini a wajen walimar ban-kwana, wato wayar mutum ma tare da shi take yin ritaya. Ni da na yi darakta a sashen kula da ma'aikata, wadda waya ba ta barinta ta ci abincin rana cikin natsuwa, sai ga ni ina ɗaga ta ina dubawa ko caji ne ya ƙare. Caji yana nan cike, kira ne dai babu.

Maigidana ya riga ya rasu, Allah ya ji ƙansa. 'Yata tana aure a Kano, ɗana yana aiki a Abuja. Ba zan ci haƙƙinsu ba, suna kira, amma kiran 'ya'ya gajere ne: kin ci abinci, kin sha magani, to sai anjima. Gidanmu yana bayan unguwar Shehuri a Maiduguri, kuma maƙwabtana mutanen kirki ne, sai dai shekara da shekaru ina fita da safe in dawo da yamma, ban saba da zaman tsakar gida ba, su ma ba su saba da ni ba. Daga nesa suke gaishe ni, Hajiya Darakta an tashi lafiya, su wuce. In na gama shara na sa turaren wuta, sai in zauna in yi ta kallon hayaƙi. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, ko da yake a lokacin da wani ya faɗa mini haka da na ci masa mutunci.

Wata rana da hantsi wayar ta yi ƙara. Wani ne da ya taɓa aiki a ƙarƙashina tun yana sabon ɗauka, ni na koya masa yadda ake rubuta bayani a kan fayil ba tare da an zagi kowa ba. Daga baya ya bar aikin gwamnati ya koma karatu, har ya zama dakta, kuma shugaban sashen nazarin harkokin mulki a wata jami'a a nan Maiduguri. Ya fara da irin gaisuwarmu ta nan garin.

"Wushe Mama, wushe. Kin manta da mu ko?"

Na ce, "Ni na manta da ku? Allah ya shirye ka."

Ya yi dariya, sannan ya shiga bayani. Masu tantancewa za su zo daga Abuja su duba sashensu, su ga malamai da littattafai da ɗakunan karatu. A zuwansu na baya amincewar wucin gadi aka ba su, in aka sake samun tangarɗa a wannan karon za a hana su ɗaukar sababbin ɗalibai. Ya ce cikin abubuwan da za su ƙara musu daraja akwai kwamitin ba da shawara na mutanen waje, waɗanda suka yi aikin da hannunsu, kuma ni ce ta farko da ta faɗo masa a rai.

Kun san abin da na ce masa? Cewa na yi, "Bari in duba ko ina da sarari." Na ɗaga kai na dubi bango, na ɗan yi jim, sannan na ce masa zan iya matsawa.

Washegari na tari keke mai ƙafa uku zuwa Kasuwar Litinin na sayi sabuwar lafaya, dogon mayafin nan da muke naɗe jiki da shi, ruwan toka mai ɗan zare a baki, irin ta masu zaman kwamiti. Da na dawo na buɗe kabad na fito da littattafaina da na marigayi, shi ma ma'aikacin mulki ne. Akwai na dokokin aikin gwamnati, da na tarihin ƙananan hukumomi, wasu da rubutun hannunsa a gefen shafi. Na kakkaɓe su na zuba a kwali. Na ce a raina gara ɗalibai su karanta su da su zauna suna kallona ina kallonsu.

Mu huɗu ne a kwamitin. Akwai wani tsohon kwamishina, da wani alhaji dillalin shanu daga Kasuwar Shanu wanda ya taɓa gina wa sashen rijiyar burtsatse, da wani dattijon coci daga kudancin Borno da ya yi sakataren ƙaramar hukuma, sai ni. Zamanmu na farko an kawo lemo da cincin, an ɗauke mu hoto ta gaba da ta gefe. Da aka ce ko akwai mai shawara, ni da na kwana ina shiri, na gyara zama. Na ce a shekarun da rikici ya kori ƙananan hukumomi da yawa suka dawo cikin gari, na ga sakatare yana tafiyar da mulkin ƙaramar hukuma guda daga ɗakin haya, tebur ɗaya, kujera biyu, jama'arsa a sansanin 'yan gudun hijira. Na ce a tura ɗalibai su zauna da irin waɗannan mutane tun suna da rai, don abin da suka sani babu shi a littafin kowa. Dattijon cocin ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya, ni ma na yi shi." Kwamishina yana ta danna waya. Shugaban sashe ya ce, "Za mu duba, Mama," idonsa a kan agogo. Na miƙa masa kwalin littattafai, ya yi godiya, ya sa aka kai laburare.

Daga ranar kullum sai na je, alhali babu wanda ya ce in zo. In zauna a laburaren sashe ina kallon ana fenti, ana shigo da kwamfutoci, ana ɗaura na'urar sanyaya ɗaki, ana jera tukwanen furanni a baranda. Har ina yaba wa shugaban jami'a a zuciyata, na ce wannan mutum ba ya wasa da ilimi. Ranar nan ina zaune a ɗakin taro a kan wata lafiyayyar kujera, hannuna ya shafo wani abu a ƙarƙashinta. Na sunkuya na leƙa, sai na ga 'yar takarda manne, an rubuta sunan wani sashe daban. Na duba ta kusa da ita, haka. Na juya tukunyar fure, ita ma da sunan mai ita a gindi. Kamar dai yadda mata ke yi a gidan biki, kowa ta shafa wa tirenta da kularta jan farce a ƙasa don kada su ɓace in an watse. Ashe duk aro ne. Na yi dariya ni kaɗai, har na kai hannu na shafa bayan lafayata, ko ni ma an manna mini tawa.

Ana gobe masu tantancewa za su zo, bayan la'asar, shugaban sashe ya same ni a baranda. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya durƙusa kamar yadda yake yi tun muna ofis.

"Mama, wata alfarma nake roƙo. In sun tambaya, ki ce kwamitin nan ya daɗe, muna zama duk zangon karatu."

Na ce, "Kai ne kake ce mini in faɗi haka?"

"Wallahi ba don kaina ba ne. Yaran nan da yawansu daga sansani suka fito, iyayensu ba su da hanyar tura su wani gari. In aka rufe mana ƙofa, ina za su?"

Na yi masa sallama. Na hau keke na koma gida raina a jagule. Ina tausayin ɗaliban, wannan gaskiya ne. Amma bari in faɗa muku abin da ya fi ci mini rai, tunda ya wuce: tsoro nake ji in na faɗi gaskiya mutum ɗayan da ya tuna da ni ba zai sake kirana ba. Babu kuma wanda zan yi shawara da shi. Da marigayi yana nan da ya ce, ke ma kin san abin da za ki yi, kawo shayi.

Da safe na sha lafayata na fesa turaren humra na isa da wuri. Kwamishina ya aiko cewa tafiya ta kama shi zuwa Abuja. Alhaji motar shanunsa ta iso, ba zai iya barin kasuwa ba. Dattijon coci an yi masa rasuwa, ya wuce Biu. Sai ga kwamitin ba da shawara gaba ɗayansa ya koma mace ɗaya a bakin dogon tebur, kujerun aro sun kewaye ta. Ina jin takun baƙin suna zagaya ofisoshi, ana buɗe ƙofa ana rufewa, ni kuwa ina ta gyara gilashi.

Can suka shigo. Jagoransu wani farfesa ne mai furfura, daga jin Hausarsa mutumin wajen Katsina ne. Shugaban sashe ya tsaya a bakin ƙofa, hannuwansa a baya. Bayan gaisuwa farfesan ya ce, "Hajiya, ke kaɗai ce kwamitin?"

Na ce, "Yau dai ni kaɗai ce, ranka ya daɗe."

"To, sau nawa kuka zauna?"

Ban dubi ƙofa ba, don na san in na duba ba zan iya ba. Na ce, "Sau ɗaya. Kwanan nan aka kafa mu. Amma ka rubuta cewa ina nan, ba ni da wurin zuwa, duk ranar da suka kira ni zan zo."

Farfesan ya dube ni ta saman gilashinsa, ya tambaya ko a zaman nan guda an ba da wata shawara. Na maimaita masa maganar sakatarorin da suka yi mulki a ɗakin haya. Ya yi ta yi mini tambayoyi, ina amsawa, har abokan tafiyarsa suka fara motsi. Rabon da wani ya saurare ni haka tun ina ofis. Da suka miƙe za su fita, sai ya ɗan dakata ya rage murya.

"Ni ma baɗi zan ajiye aiki. Yaya take, ritayar?"

Na ce, "Shiru ne da ita, ranka ya daɗe. Ka tanadi mai kiranka."

Ya gyaɗa kai, bai yi dariya ba.

Da na fito shugaban sashe ya ce, "Sannu Mama, a sauka lafiya," ya bi baƙinsa da sauri. Ban iya karanta fuskarsa ba. Bayan kwana biyu na koma, na tarar ana ta fitar da kaya. Masu ɗauke kujeru na yi, masu kwance na'urar sanyi na yi, furanni sun koma inda suka fito. Na tsaya a baranda babu wanda ya ce mini ci kanki, kowa yana da abin yi. Na juya na tari keke.

Wayata ta koma shirunta. Watanni suka shuɗe ina zargin kaina, ina cewa wataƙila bakina ya rufe wa 'ya'yan mutane ƙofa. Sai wata rana ina duba Fesbuk na ci karo da sanarwa: sashen ya samu cikakkiyar amincewa. Suna ta taya juna murna, har da hotonmu na ranar cincin, ga ni can a gefe cikin lafaya ruwan toka. Na yi hamdala da gaske. Na riƙe wayar har azahar, ina cewa yanzu shugaban sashe zai kira, bai kira ba.

Ba a jima ba direban sashe ya yi sallama a ƙofar gida. Ya sauke kwali a zaure ya ce oga yana gaisuwa, an gode ƙwarai. Littattafaina ne da na marigayi, cif, ko ɗaya bai ɓace ba. A gefen kwalin an manna 'yar takarda irin ta ƙarƙashin kujera, an rubuta "Na Mama". Ni kyauta na ba su, su kuma sun ɗauka aro ne kamar sauran kaya, suka cika amana suka dawo da shi. Na ba direba ruwa ya sha, na rufe ƙofa, na zauna a kan kwalin na yi kukan da ban yi ba ranar da na bar ofis.

Yanzu in na tuna ba na jin haushin kowa. Shi shugaban sashe yana ɗauke da nauyin ɗalibai da malamai, abin da yake nema a wurina ya samu, kuma bai taɓa yi mini alkawarin komai ba. Ni ce na ɗauki zaman kwana ɗaya na mayar da shi sabon aiki. Ban yi nadamar faɗin gaskiya ba, amma ba zan ce muku ta yi mini daɗi ba. Abin da kawai nake roƙon masu kafa irin wannan kwamiti shi ne, in kun gayyato tsoho don baƙi su gani, ku kira shi ko sau ɗaya bayan baƙin sun tafi. Ba sai da lemo ba.

Kwalin yana nan a zaure, ban mayar da littattafan kabad ba. Da shekarun suka zagayo, wata rana da hantsi wayar ta yi ƙara, na ga lambarsa.

"Wushe Mama. Masu tantancewa za su dawo, kuma wallahi ke kika fara faɗo mini a rai."

Na san aro ne, babu wanda zai gaya mini. Na dubi kwalin, na dubi ƙofar kabad inda lafayar take rataye. Wannan karon ban ce bari in duba ko ina da sarari ba. Na ce masa, "Ƙarfe nawa?"