Ranar da Kaka Ta Koma Bencin Baya

Shekaranjiya ina cikin keke a Gada Biyu, cunkoso ya tsare mu, sai na jiyo kiɗan tulu daga wata majami'a, matan zumunta suna gwajin waƙa. Nan take kakata ta faɗo mini a rai.

Ka san a zumuntar mata, mace ɗaya ce ke ba da waƙa, sauran su amsa. To, a cocinmu na Tudun Wada kaka ce ke bayarwa. Kai, tsohuwar nan Allah ya yi mata murya! Ko ruwan damina na dukan kwanon rufi kamar zai fasa shi, sai ka jiyo ta daga bakin titi. A gida ma haka, tana feren dankali tana rerawa, mu jikoki mun kewaye murhu saboda sanyi, hayaƙi na cika mana ido amma ba mai tashi. In an tashi coci mata su yi ta rungumarta, mu kuma mu yi ta hura hanci sai ka ce mu muka yi waƙar.

Wata damina mura ta kama ta, murya ta dushe. Aka sa wata matashiya da ba ta daɗe da shiga zumunta ba ta ba da waƙa a madadinta. Yarinyar ta yi waƙa, har guɗa aka yi mata. Kaka ta dawo gida, ko tuwo ba ta taɓa ba.

Da ta warke, uwar zumunta, wato shugabarsu, ta zo har gida ta ce ta koma matsayinta. Kaka ta girgiza kai.

"Uwar zumunta, ran nan ina zaune cikin ɗakin Ubangiji, ina fata a raina yarinyar nan ta manta baiti ta ji kunya. Ubana ya ƙone gumakansa kafin a yi masa baftisma. Ni nawa gunkin a maƙogwaro yake, shekara da shekaru ina kai shi coci."

Aka yi lallashi, fasto ma ya zo. Babana har da faɗa: "Haba Mama, baiwa ce fa!" Ta ce baiwar ce ta sha gaban Yesu a zuciyarta, kuma ba za ta raba masa zuciya biyu ba. Ta koma bencin baya tana amshi ƙasa-ƙasa cikin taro. Har ta rasu ba ta ƙara rera waƙa ita kaɗai ba, ko a gindin murhu.

Ba zan ɓoye maka ba, har yau abin yana yi mini ciwo. Na san ta sami salama, na gani a fuskarta. Amma yanzu a cocinmu har gaba ake yi kan wa zai riƙe makirfo, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ita kuwa ko a kaset ba wanda ya ɗauke ta. Kwanan baya 'yata ta tambaye ni yadda muryar kaka take. Na buɗe baki in kwaikwaya mata, sai na tarar na manta.