Eulalia Canché Poot, Wadda Ta Hana A Kwashe Yashin Santa Brígida

Haihuwa da Karatu

A shekarar 1947 aka haifi Eulalia Canché Poot a tsibirin Santa Brígida. Mahaifinta, Nicanor Canché, masunci ne. Mahaifiyarta, Remedios Poot, tana sayar da abinci a bakin kasuwa. Ta yi firamare a tsibirin, sannan ta tafi birnin Mérida ta sami shaidar malanta a 1967, a zamanin da ake cewa karatun 'ya mace asara ce, maganar da masu ita ba su taɓa kawo hujjarta ba.

Aiki da Aure

Ta fara koyarwa a Puerto Alcaraz, ƙaramar hukumar da ke tsallaken ruwa, kafin a maido ta gida. A 1971 ta auri Aurelio Dzib, mai gyaran injin kwalekwale, suka haifi 'ya'ya uku. Bayan ritaya, a 2005, aka zaɓe ta shugabar ƙaramar hukumar Santa Brígida.

Rikicin Yashi

A 2007 guguwa ta cinye gaɓar Puerto Alcaraz, har teku ta kai matakalar otal-otal. Hukumarsu ta samo izinin haƙo yashi daga tudun da ke ƙarƙashin ruwa a gabashin Santa Brígida, wanda shi ne yake karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gidajen masunta. Eulalia ta kai ƙara, kotu ta ce ƙasan teku ba na kowace ƙaramar hukuma ba ne. Shugaban Puerto Alcaraz, Fabián Escalante, tsohon ɗalibinta, ya ce mata a bainar jama'a, "Malama, ai aro ne, teku za ta maido muku." Ta ce, "Ɗana, ko fensirin da na ara maka ba ka maido ba."

Jirgin haƙar na haya ne, kuma tilas ya bar yankin a ƙarshen Yunin 2008, kafin guguwa ta kankama. Ya iso gab da bikin San Pedro, waliyyin masunta, wanda bisa al'ada ake zagawa da mutum-mutuminsa a kwalekwale na yini guda. Eulalia ta nemi limamin coci, Fada Hilario, ya kai mutum-mutumin da addu'o'in bikin baki ɗaya saman tudun, a yi ta yi dare da rana har wa'adin jirgin ya cika. Ya kira ta da laƙabinta ya ce, "Doña Lala, waliyyin bai saba kwana a ruwa ba." Ta ce, "Masunci ne fa, Fada."

Kwalekwale suka yi cincirindo a wurin, da tsofaffi da makaɗa da tukwanen abinci. Jami'an da aka turo su kore su suka cire huluna, aka rasa mai son uwarsa ta gan shi a talabijin yana korar waliyyi. Wa'adi ya cika, jirgin ya tafi fayau. Jama'a sun ce mu'ujiza ce. To, waliyyin dai ya shekara ɗari a tsibirin bai taɓa shiga sha'anin yashi ba, sai da ya sami mai tsara masa lokaci. A 2010 aka haramta haƙa a tudun.

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Maris, 2021, aka binne ta a maƙabartar tsibirin kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya uku: Teófila, likita, Ignacio, masunci, da Leobardo, manajan otal a Puerto Alcaraz, inda har yau niƙaƙƙen dutsen da ake kawowa a mota baƙi suke kwanciya a kai a bakin teku maimakon yashi.