Ranar da Na Hana Gayya Kunna Wuta

Cikin duk shekarun da na yi a aikin gandun daji, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba. A kakar shekarar da ta biyo bayan babban fari ne, ina ƙaramin ma'aikaci a buron Konni, wato ofishinmu na can. Damina ta yi kyau, ciyawa ta tashi har ƙugu, ta kuma fara bushewa.

Ku yaran yanzu kuna kallon yanayi a waya, mu kuwa da ƙafa muke zuwa tambaya. Kafin mu ba da izinin ƙona hanyar wuta, wato zirin da ake ƙonewa kewaye da makiyaya don gobara ta rasa abin ci in ta iso, sai mun biya wurin mai auna yanayi. Yana da ma'aunin zafi biyu, ɗaya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. In awonsu ya yi nisa da juna, iska ta bushe ke nan. Ran nan ya nuna min su, ya ce hadari zai taso da la'asar, amma ruwansa zai ƙafe tun a sama, iska da tsawa kawai za su iso ƙasa. Na faɗa wa shef ɗinmu, shugaban buron, ya ce, "Kai ke zuwa, kai za ka yanke." Haka manya suke in magana ta yi zafi.

Na hau keke zuwa wani ƙauye a yankin Bazaga. Na tarar Maigari ya tara gayya don ƙona hanyar wuta, mata sun dama fura, makaɗa har sun fara. Makiyayar da za a kewaye ita ce abincin dabbobin da fari ya bari. Cikinsu akwai 'yan shanun wani dattijo, Buba, wanda dā garkensa ke tare hanya. In ciyawar nan ta ƙone, shanunsa ba za su ga wata damina ba.

Gabas ta fara baƙi. Na ce wa Maigari yau ba za a sa wuta ba.

"Ɗana, wanga hadari ai taimako na," in ji shi. "Mu kunna, shi zo shi kashe muna."

"Ranka shi daɗe, babu ruwa cikinai. Iska ta, kuma juyawa za ta yi."

Buba ya matso, ya ce, "Kai mi kas sani ga rahamar Allah? Shekara nawa muna roƙo, yau ta taho ka ce hwanko ta?"

Maganar ta soke ni, don ni ma na yi roƙon ruwan nan da bakina. Ban yi musu da shi ba. Na ce, "Baba, in ruwa ya sauka na ji kunya, kuma ina son in ji ta. Amma fura ta damu, mutane sun taru. Mu buɗe hanyar da lauje da kwashe."

Aikin da wuta za ta gama kafin a sha fura, sai ga mu muna yinsa da gumi, wasu na yanka da lauje, wasu na kaftu da kwashe. Na sha harara. Wani ma ya ce ko gwamnati ta fara sayar da ashana ne.

Da la'asar iska ta zo, ta gabas, can ta koma ta kudu. Sai tsawa ta faɗa kan wata busasshiyar bishiya bayan makiyayar. Buba ya miƙa tafin hannunsa sama, ya daɗe a haka, ko ɗigo bai sauka ba. Wuta ta taso tana gudu. Amma jama'a na nan tsaye a bakin zirin da suka share, aka karyo ɗanyen reshe aka yi ta bugu. Gefen da ba mu kai ba ya ƙone, mafi yawan ciyawar ta tsira.

Da aka lafa, na ga Buba zaune cikin toka yana kallon shanunsa suna kiwo. Bai ce na yi gaskiya ba, ni ma ban so ya ce ba. Tausayinsa ne ya cika ni.

Abin da na koya shi ne, karanta iska da hadari shi ne mai sauƙin aikinmu. Mai wuyar shi ne tsayawa gaban mutumin da ya binne garkensa, ka ce masa gajimaren da yake jira ba komai cikinsa. In dole ta sa ka faɗa, to kada ka bar shi hannu sake. Ba shi lauje, kai ma ka ɗauki naka.